Hayaƙin masana'antu: da gaske yana cutar da wanda bai taɓa shiga cikin kamfani ba?

Sadau_77:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a rai. Kullum ana ta kururuwa a kan hayaƙin masana'antu, wai yana kashe mutane, yana ɓata ƙasa, yana lalata ruwa. Ni dai a ganina an fi zuzuta abin. Bututun hayaƙi ai don haka aka yi shi dogo, hayaƙin ya tafi sama, iska ta watsa shi. Wanda yake cikin haɗari shi ne ma'aikacin da ke bakin wuta, shi kuma sai a ba shi takunkumi. Wanda ke gidansa can nesa me zai same shi? Kuma idan an rufe masana'antu, wa zai ba matasa aiki? Masana a yi mana bayani, amma don Allah a kawo hujja, ba tsoratarwa ba.

Hajiya_Binta_M:
Wa alaikumus salam. Malam Sadau, hayaƙi yana tafiya sama amma ba ya zama a can. Abin da ya tashi yana sauka, kuma yana sauka ne a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan'uwa ka nemi hujja, to ga ta. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal daga tashoshin wutar lantarki, masana'antu da murhun gidaje ya lulluɓe birnin Landan daga ranar 5 zuwa 9 ga wata. Sanyi ne ya danne iska ta ƙi motsi, hayaƙin ya kwanta a kan gari har mutum ba ya ganin 'yan taku a gabansa. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 ne suka mutu, daga baya masu bincike suka ce adadin zai kai 12,000. Yawancinsu tsofaffi ne, da jarirai, da masu ciwon ƙirji. Ba ma'aikatan kamfani ba ne, mutanen gari ne a gidajensu da kan titi. Wannan ne ya sa Birtaniya ta kafa dokar tsabtar iska a 1956.

Kafin Landan ma an yi irinsa a kwarin kogin Meuse a Beljiyam a 1930, inda mutum kusan 60 suka rasu cikin 'yan kwanaki. An sake yi a Donora, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, a Oktoban 1948. Garin yana da masana'antar ƙarfe da ta narka zink. Mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne yanayi. A ka'ida iskar ƙasa ta fi ta sama ɗumi, don haka take tashi ta ɗauke hayaƙi. Amma wani lokaci, musamman da dare ko a lokacin sanyi ko a cikin kwari, sai iska mai ɗumi ta zauna a sama ta rufe mai sanyi a ƙasa kamar murfin tukunya. A ranar babu inda hayaƙi zai je sai cikin hancin mutane.

Sadau_77:
Malam na ji, amma ai waɗannan tsofaffin labarai ne. Shekara saba'in da wani abu. Yanzu fasaha ta ci gaba.

Nurse_Zee:
Yaya Sadau, bari in shigo a nan, don ni aikina ke nan, a ɗakin yara nake. Abin da ya fi damuna ba irin na Landan ba ne, wanda kowa zai gani ya firgita. Wanda ba a gani shi ne. Akwai ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, ƙanƙantarsu ta kai a jera kusan talatin kafin su cika kaurin silin gashi ɗaya. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina suna tare su, ka yi tari ko atishawa ka fitar. Waɗannan kuwa wucewa suke har can ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, wasu ma su shiga jinin.

Ka taɓa ganin yaro ɗan shekara uku asma ta tashi masa? Fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ƙirjin yana fito kamar usur, ba ya iya ƙarasa kalma ɗaya. Uwar tana riƙe da shi tana kallon fuskarka ta ga ko akwai tsoro a idonka. Mu da muke karɓarsu mun san daga wace unguwa suka fi zuwa, kuma mun san wane lokaci na shekara gadaje ke cika. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, yana shaƙar iska mai yawa idan aka gwada da nauyin jikinsa, kuma huhunsa bai gama ginuwa ba. Shi ya sa shi ke fara biya.

Abu_Fatima:
Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Dr_Kabir_H:
Ƙari a kan maganar Nurse_Zee. Mutane suna ɗauka gurɓatacciyar iska huhu kaɗai take taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 gurɓacewar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacin da aka saba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutuwar nan ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayoyin nan suna tayar da kumburi a cikin jijiyoyin jini, suna sa jini saurin daskarewa, suna taimaka wa hawan jini. Dattijo zai faɗi, a ce hawan jini ne, a binne shi, babu wanda zai kalli bututun da ke bayan gari. A 2013 kuma hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiyar ta saka gurɓatacciyar iskar waje cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta huhu. Akwai kuma haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi ga mata masu ciki da ke shaƙar ta.

Gaskiya_Ɗaya:
Likita a yi adalci. Miliyan 4.2 ɗin nan ba na masana'antu kaɗai ba ne. Akwai hayaƙin motoci, ƙona shara, ƙona gonaki, janareto, ƙurar hamada. Idan aka ɗora wa kamfanoni duka, mai kamfani zai samu ƙofar da zai ce ƙarya ake masa.

Dr_Kabir_H:
Haka ne, adadin na dukkan hanyoyin ne a haɗe. Masana'antu da tashoshin wutar kwal suna cikin manyan masu ba da gudunmawa, kuma ga wanda ke zaune kusa da su, su ne kan gaba.

Sadau_77:
To ai tambayata ke nan. Ta yaya za a ce tarin wane daga kamfani ne, ba daga motar da ke wucewa ƙofar gidansa ba? Talaka dama yana da ciwo iri-iri. Yunwa ma ciwo ce.

Malamin_Kimiyya:
Tambaya ce mai kyau, kuma an taɓa samun amsarta ba tare da kowa ya shirya ba. A kwarin Utah da ke Amurka akwai wata babbar masana'antar ƙarfe, Geneva Steel. Rikicin ma'aikata ya sa aka rufe ta daga 1986 zuwa 1987, kimanin shekara guda, sannan aka sake buɗewa. Mutanen kwarin ba su canja ba, motocinsu ba su canja ba, sanyin bai canja ba. Wani malamin jami'a mai suna Arden Pope ya je ya duba littattafan asibitoci. Sai ya tarar yaran da ake kwantarwa saboda ciwon numfashi a lokacin sanyin da masana'antar ke aiki sun ninka sau biyu zuwa uku na lokacin sanyin da take rufe. An rufe, gadaje sun ragu. An buɗe, sun sake cika. Ɗan'uwa, idan wannan ba hujja ba ce, ban san me za a kira hujja ba.

Ba za a iya nuna yaro ɗaya a ce wannan na kamfani ne ba. Amma idan aka ƙirga yaran gari duka, bambancin yana fitowa fili.

Tsohon_Lebura:
Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ya ci abinci da wannan aiki. Na yi shekaru a masana'antar siminti, ɓangaren niƙa da cika buhu. Sadau ya ce a ba ma'aikaci takunkumi shi ke nan. Ɗana, takunkumin da aka ba mu na yadi ne, kafin azahar ya jiƙe da gumi ya toshe, dole ka sauke shi ƙasan haɓa ka samu numfashi. Idan ka tashi aiki ka fyace hanci, abin da ke fita toka-toka ne. Gashin ido fari, cikin kunne fari. Rigar aikin kuwa gida nake kai ta, mai ɗakina ta kakkaɓe kafin ta wanke, yara suna wasa a gefe. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa muna ɗauko ƙurar muna kai wa iyali.

Abin da na gani da idona kuma, wanda har yau yake min ciwo: akwai na'urar tace ƙura a jikin bututun. Da rana tana aiki, hayaƙi ya fita siriri. Idan dare ya raba, ko idan ta samu matsala ana jiran kayan gyara, ba a tsayar da aiki, a buɗe hanya kawai. Da safe ka ga ganyen bishiyoyi da rufin gidajen da ke kusa sun yi fari. Yanzu ba na iya hawa bene hawa biyu sai na tsaya na dafa bango. Ban taɓa shan taba ba.

Ban ce a rufe kamfani ba. Da shi na aurar da 'ya'yana. Na ce a kunna na'urar da aka riga aka saya.

Hajiya_Binta_M:
Allah ya ba ka lafiya Baba. Maganarka ta ƙarshe ita ce maganar.

Injiniya_Sale:
Baba ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Fasahar tace hayaƙi ba sabuwa ba ce. Na'urar da ke kama ƙura da ƙarfin lantarki tun farkon ƙarni na 20 aka ƙirƙiro ta, Frederick Cottrell ya yi a Amurka. Akwai ta buhunan tacewa, wadda idan ana kula da ita take kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙura. Ga gas ɗin farar wuta da ke fita idan an ƙona kwal ko baƙin mai, ana fesa masa ruwan farar ƙasa a cikin hasumiya, ya kama shi, abin da ya rage ya zama jifsam da ake sayarwa ga masu siminti da allunan silin. Matsalar ita ce duk waɗannan suna cin wuta, suna cin kayan gyara, kuma ba sa ƙara ko buhu ɗaya a kan abin da ake samarwa. Idan tarar da hukuma za ta ci ka ta fi kuɗin gyara sauƙi, akanta zai ce a biya tara. Kuɗin da aka tsimi bai ɓace ba, ya koma kan mai sayen abin shaƙar asma.

Manomi_Ne_Ni:
Kowa yana maganar mutum, ba wanda ya yi maganar gona da dabba. Ƙura idan ta kwanta a ganye tana toshe ƙofofin da shuka ke numfashi da su, tana tare hasken rana. Na ga gonar da ke gefen da iska ke kaɗowa daga wata masana'anta, na ga wadda ke ɗaya gefen. Iri ɗaya, taki ɗaya, amma ba za ka ce manomi ɗaya ne ya shuka su ba.

Malamin_Kimiyya:
Gaskiyarka Manomi. Akwai ma wanda ba ya barin fari a ganye. Gas ɗin naitirojin da tururin sinadarai idan rana ta buge su suna haɗuwa su zama wani gas mai suna ozon a nan ƙasa, shi kuma yana rage amfanin alkama da waken soya da sauran shuke-shuke. Masana'antar alminiyam da wuraren gasa bulo kuma suna fitar da fulorayid, ya sauka a ciyawa, shanu su ci, haƙoransu su lalace, ƙasusuwansu su yi ciwo har su gurgunce.

Sai kuma in koma kan dogon bututun da Malam Sadau ya fara da shi. A Sudbury ta ƙasar Kanada, hayaƙin narka nikel ya ƙone tsirrai har duwatsun yankin suka yi baƙi. Maganin da aka kawo shi ne bututu mai tsawon mita 381, aka fara amfani da shi a 1972. Iskar garin ta yi sauƙi, amma gas ɗin ya tafi nesa ya sauka a tafkunan wasu. Haka aka yi a Turai: gas ɗin farar wuta daga Birtaniya da Jamus ya haɗu da ruwan gajimare ya zama asid, ya zuba a Suwidin da Norwe, kifaye suka ƙare a dubban tafkuna. Sai da ƙasashe suka zauna a Janiba a 1979 suka sa hannu kan yarjejeniyar gurɓacewar iska mai ƙetare iyaka. Dogon bututu yana canja wanda zai shaƙa ne kawai.

Ummu_Sumayya:
Ni abin da ya fi ba ni tsoro dalma. Na karanta labarin Kabwe a Zambiya, inda aka rufe ma'adinin dalma da wurin narka ta tun 1994, amma har yanzu ƙasar unguwannin tana ɗauke da guba, yara suna wasa a cikinta suna kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Yaro ya kasa karatu a ce masa daƙiƙi, a dake shi. Wannan wane irin zalunci ne?

Dr_Kabir_H:
Haka ne Ummu, kuma babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka sani a matsayin marar illa. Masu narka tsofaffin batura a bayan gari ma suna cikin wannan, ba sai manyan kamfanoni ba. Zaiba kuma daga tashoshin kwal take tashi, ta sauka a ruwa, ta taru a jikin kifi, ta kai ga mai ciki. Don ita ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar Minamata a 2013.

Aliyu_Lauya:
Wani zai ce to talaka ya yi yaya da kamfani? An taɓa yi kuma an ci nasara. A Yokkaichi ta Japan, inda matatun mai da masana'antun sinadarai suka jawo asma har aka sa wa ciwon sunan garin, mazauna sun kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 1972. A 2024 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin Peru alhakin abin da masana'antar narka ƙarafa ta yi wa mutanen La Oroya. Amma a lura, shari'a tana cin shekaru, kuma ba a cin ta da kuka. Ana cin ta da takardu: awon iska, katin asibiti, hotuna masu kwanan wata, kwafin koken da aka kai hukuma aka buga masa hatimi.

Gaskiya_Ɗaya:
Barista, Bhopal fa? Daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984 gas mai guba ya ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Indiya, dubbai suka mutu cikin kwanaki, yawancinsu talakawan da ke kwana a jikin katangar kamfanin. Fiye da shekara arba'in ke nan waɗanda suka tsira suna cewa diyyar ba ta kai ko'ina ba. Kotu ba ta dawo da huhu.

Aliyu_Lauya:
Ba ta dawowa da shi. Amma tana sa na gaba ya yi lissafi kafin ya kashe na'ura.

Sadau_77:
Na karanta duka, kuma labarin Utah da na Baba sun shige ni. Sai dai har yanzu ina nan a kan batun aiki. Turai da Amurka sai da suka ƙona kwal shekara ɗari da hamsin suka yi arziki, sannan suka fara wa'azin tsabta. Ƙasar da ke neman tashi yanzu a ce mata ta sayi na'urori masu tsada tun daga ranar farko? Kamfanin zai kwashe kayansa ya koma inda ba a takura masa.

Injiniya_Sale:
Lokacin da Ingila ta fara ƙona kwal ba ta da zaɓi da yawa, na'urorin ba su wanzu ba. Yau suna kasuwa. Kuma saka su tun lokacin gini ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo a fasa a ƙara daga baya. Dubi China. A 2013 ta fito da tsarin yaƙi da gurɓacewar iska, lokacin matsakaicin PM2.5 na shekara a Beijin yana kusan 90 a ma'aunin maikirogiram cikin mita kubik. Cikin shekara goma ya sauka ƙasa da 40, kuma masana'antun ƙasar ba su daina aiki ba. Har yanzu da sauran tafiya, don shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 ita ce 5. Amma ya nuna ana iyawa.

Gaskiya_Ɗaya:
Wasu masana'antun dai ɗauke su aka yi daga Beijin aka kai wasu lardunan. A faɗi wannan ma.

Nurse_Zee:
Yaya Sadau, aikin da kake karewa ai mai lafiya ne ke yin sa. Uwar da ta kwana uku a asibiti da yaro ba ta je kasuwa ba, uban ya ci bashi. Wannan ma tattalin arziki ne, sai dai ba ya shiga littafin kamfani. Kuma ka lura da waɗanda ke zama a jikin katanga: wanda ba shi da halin kama haya a wani wuri ne. Manaja ba ya kwana a nan.

Ummu_Sumayya:
To kafin a gyara, mu da ba mu da inda za mu koma fa? Akwai abin da uwa za ta iya yi a gida?

Dr_Kabir_H:
Akwai, ko da yake ragewa ne kawai. A lura da lokacin da wari ko hayaƙi ya fi yawa, galibi dare da asuba, a rufe tagar da ke fuskantar wurin. A goge ɗaki da tsumma mai laima maimakon shara da ke tayar da ƙura. A wanke wa yara hannu kafin su ci wani abu, musamman inda ake zargin dalma. Ma'aikaci ya canja kaya a wurin aiki, kada ya kawo su gida, kamar yadda Baba ya bayyana. Takunkumin yadi ba ya tare PM2.5 sosai, sai irin N95 da ya kama fuska. Mai asma kada abin shaƙarsa ya ƙare, kuma yaron da ke numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa ke lotsawa a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Tsohon_Lebura:
Barista, ina da tambaya. Idan mazauna unguwa suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramar na'urar awon iska irin wadda ake maƙalawa a bango, hukuma ko kotu za ta karɓi abin da ta nuna, ko sai nasu awon?

Aliyu_Lauya:
Ya danganta da dokar ƙasa, Baba. Galibi kotu ta fi son awon da hukuma ko ɗakin gwaji mai lasisi ya yi. Amma naku yana da amfani wajen tilasta musu su zo su auna, musamman idan ya nuna adadin yana tashi dare bayan dare a sa'a ɗaya. Ku riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ke kaɗawa. Injiniya_Sale, kai za ka fi sanin a wane tsayi da wane gefen gida ya kamata a kafa ta.